Amsoshin Tambayoyinku: Don Me Ake Sa Sabuwar Nas a Ƙarƙashin Tsohuwar Hannu?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Mandera, can wajen Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato. Ya ce 'yarsa ta gama makarantar koyon aikin jinya, ga takardar shaida a hannu, amma an sa ta bin wata tsohuwar nas. Yana tambaya, shin wannan ba raini ba ne?

To malam, mun gode. Amsa a taƙaice ita ce, ba raini ba ne, gata ne.

Akwai wata shehiyar malama a Amurka, Farfesa Patricia Benner ta Jami'ar Kalifoniya, wadda ta binciki wannan magana. Nata binciken ba na ɗibar jini ko ƙidaya ba ne, na hira ne da sa ido. Takan zauna da sabuwar nas, sannan ta zauna daban da wadda ke horar da ita, kowacce ta ba ta labarin majinyaci guda da suka duba tare. Sai ta tarar sabuwa na bin ƙa'idar littafi ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tsohuwar hannu da kallo ɗaya takan gane jikin ya fara rikicewa.

A littafin da ta fitar a 1984, ta ce nas na hawa matakala 5 ne, daga ɗan koyo har zuwa gwani. Kafin ma ta kai mataki na 3, wato ta tsaya da ƙafafunta, sai ta yi shekara 2 zuwa 3 tana aiki iri guda. Kai ma malam ka sani, ba a rana ɗaya yaro ke bambanta hadarin ruwa da na iska ba. Sai ya bi ubansa gona damina bayan damina.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙauye. Sau da yawa akan tura yarinya asibitin karkara ita kaɗai, in mai haihuwa ta fara zubar da jini da tsakar dare, ba wadda za ta tambaya. A nan ne ake asarar rai. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya ɗebi sababbi, ya kuma dawo da waɗanda suka yi ritaya, ka ga ashe tsohon hannu ba abin yarwa ba ne.

Saboda haka ka ce wa 'yarka ta kwantar da kai, ta yawaita tambaya, kada ta ji kunyar cewa "ban gane ba". Gobe ita za ta riƙa wa wata hannu. Ku kuma jama'a, in masu bincike sun zo garinku da rakoda suna neman jin yadda ake karɓarku a asibiti, ku tambayi manufarsu, in kun amince ku faɗi gaskiya. Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.