Ɗalibin Da Ba Shi Da Takarda, Ɗan Ina Ne?



Maganarmu ta yau a kan 'yan'uwanmu ne na Talata Mafara da Bakura da Maradun waɗanda suka ci jarrabawa, jami'a ta ɗauke su, amma in aka zo neman taimakon kuɗin karatu sai a tarar ba su da takardar da za ta nuna ko su wane ne. A Amurka ma akwai irinsu, watau 'ya'yan baƙin haure. Tun 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kada a hana su firamare da sakandare, amma gwamnatin tarayyarsu ba ta ba su taimakon karatun jami'a. To, su dai a ce baƙi ne. Namu kuwa a nan aka binne cibiyarsu.

Ƙofa biyu ɗan talaka yake ƙwanƙwasawa. Ta farko ita ce bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara karɓar masu nema a watan Mayu na 2024, bayan an gyara dokar an cire sharaɗin kawo masu tsaya wa mutum. Bashi ne ba ruwa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ba ya tambayar asalinka. Lambobi yake tambaya: ta katin ɗan ƙasa, ta banki, ta JAMB. Tun 2021 ba mai zama jarrabawar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, saboda haka duk wanda ya iso nan yana da ita. Wahalar tana wajen suna. Yaro a firamare an rubuta shi Mamman Bakura, a katin ɗan ƙasa Muhammad Garba, a banki kuma an ƙara masa shekara. Malamin makaranta ya san mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta sani ba.

Ƙofa ta biyu ta fi tsauri, watau sukolashif na jiha, wanda ba a bayarwa sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ita kuwa ba ta samuwa sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida cewa sun san ubanka, sun san kakanka. Tsarin mulki na 1999 ya ambaci ɗan asalin jiha a sashe na 147, a sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito. Tsakanin waɗannan biyu ne yaranmu suke faɗawa.

Mu duba ƙasarmu. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka ta da dubban mutane. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya. Waɗansu suka bar ƙasar, ba su sake dawowa ba. Jikansu da aka haifa a Neja ko Kwara, can a ce masa ya koma gida, ya zo gida ya tarar ƙauyen kakansa yana ƙarƙashin ruwa, dattijon da zai shaide shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. In ma uban ya adana wata takarda, Jihar Sakkwato ce a kanta, don sai 1996 aka yi Zamfara.

Ga kuma masifar 'yan bindiga. A 2021 kaɗai sun kwashe 'yan mata a Jangebe, sun shiga Kwalejin Noma ta Bakura, sun ɗebi yara a makarantar Kaya ta Maradun. Wanda ya tsere da dare daga ƙauye, da ransa ya tsere, ba da fayil ba. Sau da yawa dagacin da ake cewa a je wurinsa shi ma yana gudun hijira. Ba mu ma taɓo ɗan Fulanin daji ba, ko yaron da ubansa mutumin Maraɗi ne, uwarsa 'yar Mafara, alhali sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a nan, ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne cikakke.

Kada wanda ya ruɗe mu da takardar saye. Ran da asiri ya tonu, karatun da aka yi duka ya tafi. Hanyar gaskiya tana nan: rantsuwar shekaru a kotu, shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, gyaran suna a ofishin katin ɗan ƙasa tun kafin a buɗe neman bashi.

Ku kuma yayyenmu da ke zaune a ofisoshin ƙananan hukumomi, roƙonmu shi ne in dagaci ba ya samuwa, a karɓi shaidar hakimi tare da rajistar makarantar firamaren da yaron ya yi. Mu a namu ɓangaren, kafin hutu za mu rubuta sunayen duk waɗanda abin ya shafa, gunduma gunduma, mu raka su da kanmu. Wanda ya san yana ciki, ya ga sakatare kafin a watse.