Shirin Ɗaukar Ciki da Amfanin Hoton Ciki: Jawabi ga Iyaye Maza da Mata na Ikilisiyoyinmu

 

Maganar da muka kawo yau ta shafi kowane gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya duka a shekarar. A Littafin Farawa sura 35 mun karanta yadda Rahila ta rasu a kan hanya wajen haihuwar Biliyaminu. Baƙin cikin tsoho ne, amma yau Allah ya ba mu hanyoyin ganin hatsari tun yana nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a ɗauki ciki

Manomi ba ya jiran ruwan farko kafin ya yi sharar gona. Haka jikin mace yake. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa cikin kwana 28 na farko, lokacin da yawancin mata ba su ma san sun samu ba. Saboda haka matar da ke neman haihuwa ta fara shan ƙwayar folik asid kowace rana tun kafin cikin ya shiga. Tana rage haihuwar jariri da buɗaɗɗen baya. Ana samunta a ɗakin shan magani, kuma ba ta da tsada.

Miji da mata su je gwajin jini tare. A san rukunin jininsu, a duba ƙanjamau da ciwon hanta, a duba sikila. In miji AS ne, mata ma AS, to kowane ciki yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Mai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya ta ga likita tukuna, don akwai magungunan da ake canzawa kafin ciki. A bar giya da burkutu da taba. Bayan haihuwa kuma, a ba uwa hutun shekara biyu kafin wani cikin, jininta ya dawo, na goye ya sha nono ya ƙoshi.

Abu ɗaya kuma mai sauƙi: mace ta riƙe ranar da ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe. Ta sa alama a kalandar coci, ko ta haɗa ranar da wata Lahadi ko ranar kasuwa. Daga ranar ce ake lissafin sati 40 na ciki.

Kunya da awo

Mun san al'adarmu. Amarya takan ɓoye cikin fari har sai zani ya ƙi ɗauruwa. Kunya abu ne mai kyau, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba mu ce a yi shela a majami'a ba. Ta gaya wa mijinta da ma'aikaciyar lafiya kawai, ta fara awo cikin wata uku na farko. Tun shekarar 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa, a kuma yi hoton ciki sau ɗaya kafin sati 24, wato kafin ciki ya cika wata shida.

Mene ne hoton ciki?

Wasu suna kiransa sikanin. Mace za ta kwanta, a shafa mata wani mai mai sanyi a mara, a riƙa goga wani ɗan ƙaramin abu a kai. Abin yana aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi jariri ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kira cikin rijiya. Daga nan na'ura ta zana hoto. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, ba ya ƙona jariri, ba ya busar da ruwan ciki kamar yadda ake ta faɗa. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. In cikin ƙarami ne, za a iya cewa ta sha ruwa ta riƙe fitsari don hoton ya fito sosai.

Ga abin da yake nunawa. Yana nuna ko cikin yana zaune cikin mahaifa. Wani lokaci yakan tsaya a bututun da ƙwai ke bi, in ya fashe a can jini ya zuba a ciki, rai na iya salwanta cikin sa'o'i. Yana nuna bugun zuciyar jariri da watannin cikin, kuma lissafin ya fi daidai in an yi shi da wuri. Yana nuna tagwaye. Yana nuna inda mabiyiya ta kwanta. In ta tare bakin mahaifa, jini zai iya ɓallewa kafin jariri ya fito, ba kuwa ungozomar da za ta iya tsayar da shi a gida. Sau da yawa mabiyiyar da aka gani a ƙasa a wata na biyar takan matsa sama da kanta, shi ya sa akan ce a dawo a sake dubawa wajen wata na takwas. A ƙarshen ciki kuma yana nuna ko jariri ya zo da kai, ko a zaune yake, ko a gicciye.

Babban amfaninsa gare mu mutanen karkara shi ne ya gaya mana inda ya kamata a haihu. Matar da aka ga tana da tagwaye, ko jariri a gicciye, ko mabiyiya a ƙofa, sai ta koma kusa da asibitin da ake tiyata tun naƙuda ba ta fara ba, musamman da damina lokacin da rafi ke cika, hanya ta yanke. Doguwar naƙuda a gida ce ke kawo yawancin yoyon fitsarin da ke raba mata da gidajensu.

Iyayenmu maza, tambayar farko kada ta zama “namiji ne ko mace?” Dukansu kyautar Ubangiji ne, mai dubawa ma yakan yi kuskure a nan. Ku tambaya: lafiyarsa ƙalau? Mabiyiya tana ina? A ina za ta haihu?

Iyakar hoton ciki

Hoto ba magani ba ne, ba kuma kowace matsala yake gani ba. Ba ya awon hawan jini, ba ya ƙara jini, ba ya hana zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka kada wadda ta yi hoto ta ce ta gama awo. Ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini, ta karɓi allurar tatanas da maganin rigakafin zazzaɓi, ta kwana cikin gidan sauro. A yi hoton wurin wanda ya koyi aikin, a kawo takardar sakamako ga ma'aikaciyar awo ta karanta. Yin sa kowane wata ba dalili ɓarnar kuɗi ne.

In kuwa aka ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, fashewar ruwa ba naƙuda, ko jariri ya daina motsi, kada a jira gari ya waye.

Aikin ikilisiya

Muna roƙon kowace zumuntar mata ta buɗe asusun masu ciki, ko da mudun hatsi ne a lokacin kaka, don kuɗin mota da na hoto. Zumuntar maza ta san mai mota ko mai babur da za a tasa da tsakar dare, matasa kuma su san rukunin jininsu don ranar bukata. Miji ya ware buhu ɗaya tun ranar girbi da sunan haihuwa. Maryamu ta yi tafiya ta zauna da Alisabatu wajen wata uku lokacin da take da ciki. Mu ma kada mu bar 'yar'uwa ta je asibiti ita kaɗai.

Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.