Sallamar da Jiki Ya Daina Amsawa



Kun san ɗan aike ba ya faɗawa gidan mutane. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, wani ya amsa ya kai saƙon ciki. Haka al'amarin yake a jikinku.

Idan kun ci tuwo ko kun sha fura, abincin yakan zama sukari a cikin jini. Sai wata gaɓa da ke bayan tumbi ta saki sinadarin insulin, shi ne ɗan aiken. Jiki kuwa an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana, kowace tamkar gida. A bangon ƙwayar akwai mai karɓar saƙo. Insulin ya manne masa, shi kuma ya isar da umarni ciki, sai ƙofofi su buɗe, sukari ya shiga tsoka ya zama ƙarfi.

Tsarin gina wannan mai karɓar saƙo yana rubuce a ƙwayar gado mai suna INSR, wadda kowa ya gada daga uwa da uba. Da wuya a haifi mutum da ita a lalace. Abin da ya fi yawa shi ne ƙiba da yawan zama su dusashe saƙon. Insulin yana sallama, ba a amsawa, sukari ya taru a jini yana ɓata ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na 2, kuma yakan yi shekaru bai nuna alama ba.

Don haka, wanda ke wuni zaune a rumfa ya riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, domin tsokar da ke aiki ta fi jin saƙon. Ku rage sukari a shayi da lemon kwalba. Ku je a auna jininku da safe kafin karin kumallo, musamman idan iyayenku sun yi ciwon. A Nijar sakamakon yakan fito 1.26 g/L, a Najeriya 126 mg/dL ko 7 mmol/L. Duk awo ɗaya ne. Wanda nasa ya kai haka ya ga likita, a sake aunawa.

Yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama ba dalili, kada ku jira ranar kasuwa ta wuce. Allah ya ƙara mana lafiya.