HAKKIN MA'AIKACIN DA YA NAƘASA A BAKIN AIKI

Wannan jawabi ne da aka yi wa iyayen 'yan ci-rani a Nasarawa Gwom, cikin garin Jos. An buga shi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal.

Jama'a, garin Jos ya san wahalar lebura tun zamanin haƙar kuza. Kakannin mutanen unguwar nan da yawa haƙar kuza ce ta kawo su, kuma wanda rami ya rufta masa a wancan lokaci sai dai danginsa su ɗauki nauyinsa. Yau jikokinsu ne ke dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko gadi a gidajen Ikko. Idan injin ya cinye hannun ɗayansu, abin da aka saba gani shi ne a sallame shi da kuɗin mota, ya dawo gida ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke hakki ba.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. A tsohuwar doka ubangida ne ke biyan diyya, sau da yawa kuwa sai an kai ga kotu. Sabuwar doka ta kafa asusu a hannun hukumar NSITF, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da leburan wucin-gadi, da mai koyon sana'a, da baran gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Har hatsarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki.

To, ga inda gizo ke saƙar: komai da wa'adinsa. Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da ubangida cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta isa cikin shekara 1 da aukuwar abin. Sai da uzuri mai ƙarfi ake karɓarta har zuwa shekara 3. Wanda aka ɗauko daga Ikko aka kawo shi Jos wajen mai ɗori, babu takardar likita, babu shaidar aiki, wa'adi zai wuce yana kwance. Saboda haka kafin a sa shi a mota, a karɓi rahoton asibiti, a adana katin aikinsa da takardar albashi, a rubuta sunayen waɗanda suka ga hatsarin. Hukumar tana da ofis a Jos kamar yadda take da shi a Ikko.

Wanda likitoci suka tabbatar ba zai sake iya aiki ba har abada, doka ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, har ya kai shekara 55. Wanda naƙasarsa ba ta kai haka ba, ana auna masa gwargwadon abin da ya rasa. In bai gamsu da hukunci ba, yana da ikon ɗaukaka ƙara har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Sai dai a faɗi gaskiya. Gwamnatin Tarayya ba ta biyan kowane naƙasasshe kuɗin wata. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta yanka musu albashi ba. Mai ruwa ko ɗan acaɓa da ke cin gashin kansa ba shi da ubangidan da zai zuba masa, sai abin da ƙungiyarsa ta tara.

Don haka duk wanda ya kama sabon aiki a Kudu, ya tambaya tun ranar farko ko an yi masa rajista. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun su ma ya kamata su riƙa tambaya a madadin jama'arsu. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin.