Falsafa a Ajin Dare

 Sharhinmu na yau ya leƙa Amurka ne, inda ake da ƙananan kwalejoji na shekara biyu masu sauƙin kuɗin makaranta. Ta farkonsu mallakar gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Da yawa daga cikin masu zuwa waɗannan kwalejoji sana'a suke nema, kamar aikin jinya, walda ko gyaran kwamfuta. To, me ya kai falsafa irin wannan wuri?

A duba ajin dare. Ga direban babbar mota, ga tsohon soja, ga ma'aikaciyar asibiti da ta taso daga aiki ko kayanta ba ta sauya ba. Malami ya jefo tambaya: idan ciwon majiyyaci na ajali ne, danginsa kuma suka roƙi a ɓoye masa, me ya dace a yi? Wannan baiwar Allah ta sha cin karo da hakan a bakin gado. Yanzu za ta koyi auna hujja, ta rarrabe abin da ta sani da abin da take zato.

A darasin mantiƙi kuwa, ɗalibi yana koyon gano inda mai talla ko ɗan siyasa ya yi masa rufa-rufa. Ai shi ma masanin falsafa Sukurat, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, a kasuwa yake tare mutane da tambayoyinsa, har da masu sana'ar hannu. Tun asali ke nan falsafa da ɗan ƙwadago sun san juna.