Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Wutar Kwamfuta da Sabon Katin Hoto

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Bunkure lokacin hutu)



Mu 'ya'yan Bunkure da Kura a bakin magudanar ruwa muka tashi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, iyayenmu suka san cewa mai noman rani ba ya ƙara faɗin gona sai ya dubi ruwan da ƙofarsa ke sakowa. Wanda ya ƙi dubawa, shukar ƙarshen gonarsa za ta bushe yana kallo. Wannan darasi muka manta da muka shiga jami'a, shi ne kuwa dalilin tsayawarmu a gabanku yau.

Bara mu huɗu muka haɗa kuɗi, har da na tumatirin da ɗayanmu ya sayar a Kwanar Gafan, muka sayi katin sarrafa hoto. Nufinmu mu ƙarfafa wata tsohuwar kwamfutar ofis, 'yar gwanjo, wadda muke zana taswirar gonaki da ita domin aikinmu na ƙarshen karatu. Muka dasa shi, ta kama. Amma da aiki ya yi nauyi sai ta ɗauke. Sau uku tana haka, a na huɗu muka ji ƙaurin ƙuna, aikin wata biyu ya tafi. Laifin namu ne, domin ba mu dubi ƙofar ruwa ba.

Ƙofar ruwan kwamfuta ita ce akwatin wutar da ke cikinta, wanda ke karɓar bolt 230 daga bango ya mai da shi bolt 12 da 5 da 3.3. Kafin ku sayi kati, lalle ku yi wa akwatin nan tambaya uku.

Ta farko, nawa yake bayarwa a layin bolt 12? Daga nan kati da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sha. Ku dubi takardar da ke manne a jikinsa, ku ninka bolt da amfiya. Namu amfiya 18 ne, watau wat 216. Katinmu kuwa RTX 3060 ne, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2021, shi kaɗai yana cin wat 170. Ƙwaƙwalwar tana cin 65, sauran kaya wajen 40, jimla 275. Kamfanin ma akwati mai wat 550 ya ba da shawara a yi amfani da shi.

Ta biyu, yana da wayar da katin ke bukata? Ramin da ake dasa kati wat 75 kaɗai yake bayarwa. Waya mai haƙori 6 tana ƙara 75, mai haƙori 8 tana ƙara 150. Namu ba shi da ko ɗaya, sai muka yi masa jone. Jone kuwa ba ya ƙara wuta, kamar yadda haƙa sabuwar lamba ba ta ƙara ruwan da ke cikin magudana.

Ta uku, wane hali yake ciki? Akwatin wuta yana tsufa. Ƙurar hunturu tana toshe fankarsa, zafin bazara yana rage ƙarfinsa, hawa da saukar wutar janareta suna gajiyar da shi. Saboda haka a ƙasarmu ya kamata a bar rarar aƙalla kashi ɗaya bisa uku a kan lissafi.

In akwati ya gaza, hanya biyu ce. Ko a sake shi da mai inganci tun kafin a sayi kati, ko a nemi ƙaramin kati irin GTX 1650, wanda yawancinsa wat 75 na rami ke isarsa. Araha ba ta ado, musamman a nan, domin akwatin banza in zai mutu yakan tafi da maƙwabtansa.

Yayyenmu ma'aikata, gobe takardar sayen kayan ofis za ta zo teburinku. Kafin ku sa hannu, ku sa a buɗe kwamfuta a karanta muku takardar akwatin wutarta. Mu wata biyu muka biya kafin mu koyi wannan, ku minti biyar ya ishe ku.