Cakin da Banki Ya Mayar: Kwana 15 Kafin Kotu

 

Da yawa daga cikinmu a nan Indiya mun taɓa miƙa wa mai gida caki mai kwanan wata na gaba, wasu ma caki ba adadi, sa hannu kawai, wai jingina. To, wannan 'yar takarda tana iya kai mutum gidan yari.

Sashe na 138 na dokar takardun kuɗi ta 1881, wanda aka ƙara a 1988, ya mayar da dawowar caki saboda rashin kuɗi a asusu laifi. Hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tarar da za ta iya kai ninki biyu na kuɗin, ko duka biyun. Mu 'yan Najeriya bai kamata abin ya zo mana baƙo ba, don dokarmu ta 1977 ma shekara biyu ta yanke. Kuma kada wani ya ce ai zan sa banki ya tsayar da biya, ko in rufe asusun. Kotunan nan sun sa waɗannan dabaru a cikin laifin. Muddin sa hannunka ne, alƙali zai ɗauka bashi ake binka, kai ne da kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da caki ya dawo, ba ka yi laifi ba tukuna. Mai bin kuɗi yana da kwana 30 ya aiko maka da takardar neman biya. Daga ranar da ta iso, kana da kwana 15. Ka biya a cikinsu, magana ta mutu, ba kotu ba lauya. Sai sun wuce ne yake da wata guda ya shigar da ƙara gaban majistare. Wasu sukan ƙi karɓar wasiƙar, su ce wa ɗan aike ba sa nan. Wallahi ɓata lokaci ne. In an aika ta adireshinka na gaskiya, kotu za ta iya ɗauka ka samu.

In har an kai kotu, ƙofar sulhu ba ta rufe ba, sashe na 147 ya yarda a sasanta. Sai dai jinkiri yana da tsada. A 2010 Kotun Ƙoli ta ɗora ƙarin kuɗi a kan mai jan ƙafa, yana hauhawa daga ƙaramar kotu zuwa ta sama. Akwai kuma Lok Adalat, zaman sulhun da hukuma ke shiryawa. Abin da aka amince a can daidai yake da hukuncin kotu, ba ɗaukaka ƙara. A ganina, ga ɗalibi wannan ya fi, domin irin wannan shari'a takan ɗauki shekaru, bizarka kuwa ba ta jiran alƙali.

In za ku sasanta, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ka biya ta banki, kada ka ba da kuɗi a hannu. Sannan ka karɓo ainihin cakinka, da duk sauran da ka bar wa mai gida tun ranar da ka kama ɗakin.